Hajiyata za ta yi azumi a hanya saboda kunyar mijina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Malam mai kula da zaure, don girman Allah ka goge sunana da adireshin imel ɗina kafin ka tura, mu nawa ne Hausawan Greensboro gaba ɗaya, ko tari na yi sai an gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, saura kwana tara mu kama hanya, ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye.

Shekarata shida a garin nan, muna wani afatmen na haya a bayan titin High Point Road, mijina yana koyarwa a jami'a, muna da 'ya ɗaya. Amurkar da na sani ba ta wuce gida, kantin Indiyawa da masallacin Juma'a ba. In na kira Kano aka tambaye ni ya ƙasar take sai in ce lafiya lau, me na gani da zan faɗa? Tun zuwana mijina ya manna taswira a bangon kicin, ya ja layi da jan biro daga nan har Arizona, ya ce wata rana sai ya kai ni na ga ƙaton kwazazzabon nan Grand Canyon da idona. Bara ya sayi tsohuwar motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki, wajen wani dattijon Bature a McLeansville. Duk Asabar yana ƙarƙashinta da sifana, ni kuma na ɗinka mata labule. Muka tsayar da tafiyar sati uku a hutun nan.

Ana haka sai bizar mahaifiyata ta fito, bayan mun cire rai. Mijina ya yi murna har ya fi ni, ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, har da Hajiya za a yi tafiyar. Shekararsa goma sha biyu a nan, wallahi ya manta wace ce suruka. Ni 'yar fari ce, ko sunana Hajiya ba ta faɗa, balle shi. In ya shigo falo tana cin abinci sai ta rufe kwanon. A gida abin yana tafiya don tana da ɗakinta, shi kuma yana wuni a wajen aiki.

Wancan satin muka ce bari mu gwada motar, kwana biyu a duwatsun yamma. Shi ya kafa tanti a waje ya bar mana gadon, na ce shi ke nan an warware. Ashe ba kwanan ne matsalar ba, wunin ne. Banɗakin motar taku uku ne daga kujerar direba, ƙofarsa kamar kwali. Hajiya ba ta shiga ba ko sau ɗaya. Ba kuma za ta buɗe baki ta ce wa surukinta ya tsaya ba. In na miƙa mata ruwa ta ce ba ta jin ƙishi, in na zuba abinci ta ce sai an jima. Ni kuma sakarya ina can ina leƙen taga ina cewa Hajiya kalli gajimare a ƙasanmu! Sai da muka dawo, tana sauka jiri ya kwashe ta, na tare ta a bakin ƙofa. Ina gyara jakarta na ga maganin hawan jininta ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ba, don yana sa ta yawan fitsari.

Da na tsare ta da kuka sai ta hau ni da faɗa, wai zaman Turai ya cire mini ta ido. Na ce to a fasa tafiyar, ta ce ba da ita ba, bawan Allah ya shekara yana wahala da mota sannan a ce ita ta zo ta hana shi? Na ce mu zauna ni da ita shi ya tafi, ta ce a ina na taɓa ganin an yi haka. Na ce mu bar ta gidan wata Anti 'yar Kumasi da muke mutunci, ta ce ba ta ƙetaro teku don ta kwana gidan mutane ba. Ƙarshe ta ce ta samo mafita, za ta ɗauki azumin nafila tun daga ranar tashi har ranar dawowa, ba mai tambayar mai azumi don me bai ci ba. Na ce Hajiya matafiyi ko na farilla an sauƙaƙa masa, kuma hamada za mu ratsa a tsakiyar zafi. Ta ce in na kuskura na faɗa masa dalili ba ta yafe ba.

Ga abin da ya sa na ɓoye sunana. Da ta faɗi maganar azumin, wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. Ina son tafiyar nan kamar in yi hauka, na gaji da bangon nan huɗu, kullum ina wanke-wanke ina bin jan layin nan da ido. Kwana huɗu ke nan na yi shiru, kuma na san ba biyayya ce kaɗai ta rufe mini baki ba. Ina jin kunyar kaina.

In na faɗa masa, na san shi, a take zai fasa, kuma zai je ya durƙusa ya ba ta haƙuri, wannan kuwa ya fi mata jirin ciwo, ga kalmar da ta ɗora mini. In na ƙirƙiro ƙarya na ce ni ce ba ni da lafiya, na cuci mutumin da bai yi laifin komai ba sai son faranta mana. In na yi shiru, uwata zan saka a mota sati uku ba ruwa ba magani.

Iyayenmu mata da ke zauren nan, akwai hanyar da ake gaya wa namiji irin wannan ba tare da an tona uwa ba? Malamai, wannan rashin yafewar yana kama ni in don lafiyarta na yi magana? Don Allah ku amsa da wuri. Ɗazu da rana ya dawo da wani ɗan tebur, ya ɗaura shi daidai bayan kujerar direba, ya kira ni yana murna, wai don Hajiya ta riƙa cin abinci kusa da mu. Tana tsaye ta sa masa albarka, sannan ta juyo ta ce in auno mata dabinon buɗa-baki.