Cek Ɗin Yaya Loretta

Dayton, 4 ga Nuwamba

Wendell,

Gaisuwa, da fatan kai da matarka Charlene da yara kuna lafiya. Takarda na rubuto tunda an yanke maka waya, abin kunya.

A coci na ji wai za ka kai kanka kotu ka ce ka karye, a yafe maka bashi. Sannu da ƙoƙari! Ƙato da kai, shekara hamsin, ka sayi kwale-kwale da katin bashi, ko kifi ɗaya ban taɓa gani ba.

Ba ruwana da bankunan da ka cuta. Dala dubu ukun da na ranta maka na aikin haƙorin Charlene, ka biya ni kafin ka shiga kotun. Kuma da cek, ka rubuta "biyan bashi" a jiki. Ba na karɓar kuɗi a hannu daga irinka, gobe ka ce dubu huɗu ka ba ni.

Yayarka,
Loretta

Toledo, 11 ga Nuwamba

Yaya Loretta,

Bayan gaisuwa mai yawa, kwale-kwale dai tun bara masu bina bashi suka ɗauke abinsu, sai ki kwantar da hankalinki.

Lauyata ta ce in kwashe albashina daga bankin da ke bina in buɗe asusu a wani, in ci gaba da biyan haya da wuta da gas, amma kada in biya ɗan'uwa ko sisi. Duk abin da na biya dangi cikin shekara guda kafin shiga kotu, wakilin kotu na iya binsa ya karɓo ya raba wa masu bina. Abin da ke asusun nan kuɗin haya ne da na ɗumama gida. Ki bari a gama, wallahi zan biya ki da kaina.

Ki huta lafiya.
Wendell

Dayton, 18 ga Nuwamba

Wendell,

Ina gaisuwa. "Lauyata ta ce"! Oho, kana da kuɗin lauya, na yayarka ne babu? Wannan ƙaryar ka yi wa Charlene, ita ce mai haɗiye komai.

In ban ga cek ba nan da Juma'a, zan je gidan tsofaffi in faɗa wa Mama ɗan lelenta ya zama me. Ka san yadda zuciyarta take.

Loretta

Toledo, 21 ga Nuwamba

Yaya Loretta,

Ina gaisuwa. Ga cek nan, na rubuta abin da kika ce. Ki ƙyale Mama.

Ba abin biyan haya, saboda haka ƙarshen wata za mu koma ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan wan Charlene, mu biyar. Na faɗa ne don ki sani, ba don ki tausaya ba.

Wendell

Dayton, 9 ga Maris

Ƙanena na kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya sanyi? Ya yarana? Kullum kuna raina.

Wendell, wani marar kunya wai shi wakilin kotu ya aiko mini da takarda, in mayar da dubu ukun nan cikin wata guda ko ya maka ni a kotu. Ni Loretta! Ni da ko tarar ajiye mota ba a taɓa yanka mini ba! Kuɗin kuwa na sa an yi mini sabon daɓen kicin da su, ba ko ficika. Ko barci ba na yi.

Don Allah ka je ka ce masa kyauta ka yi mini. Jini ɗaya muke fa.

Taka har kullum,
Loretta

Toledo, 15 ga Maris

Yaya Loretta,

Muna lafiya, ɗakin ƙasa ya karɓe mu.

Rantsuwa na yi a gaban mutumin nan, ba zan warware ba. Kuma hoton cek ɗin yana kan teburinsa, "biyan bashi" ɓaro-ɓaro, yadda kika ce a rubuta. In kin mayar, ki bi layi da bankunan da na cuta, za ki samu ɗan abin da ya samu. Sauran bashin kuwa, kotu ta yafe mini.

Ki aika masa da cek. Shi ma ba ya karɓar kuɗi a hannu.

Ƙanenki,
Wendell