Rasuwar Hajiya Mai Kujera, Uwar da Ta Jira Ɗanta a Ƙofar Rumfar Zaɓe

Cikin alhinin da muka rasa inda za mu sauke shi, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangijin da ba a tambayarsa dalili, Ƙungiyar Iyalan Waɗanda Suka Ɓace a Rikicin Zaɓe tana sanar da mambobinta da ɗaukacin jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uwarta da ta kafa ta, shugabarta ta farko kuma shugabar kwamitin amintattunta, dattijuwar arziki, Hajiya Mai Kujera, wadda Allah Ya karɓi ranta da hantsin ranar Talata a ɗakinta, tana da shekara saba'in da uku, bayan jinyar mako biyar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya tela ce, kuma da an bar ta, da a matsayin tela za ta mutu, ba shugabar kowa ba. Shekara goma sha takwas da suka wuce, ranar da aka bayyana sakamakon zaɓe gari ya kama da wuta, ɗanta na fari, Dogo, mai gyaran keken ɗinki, ya fita da kan keke ɗaure a bayan babur zai mayar wa mai shi, domin ya yi alkawarin ranar. An tsinci babur ɗin a bakin kwalbati, kan keken yana nan ɗaure ko ƙwarzane babu, amma shi ba a gan shi ba, ba a kuma sake ganinsa ba. Ta bi asibitoci, ta bi ɗakunan ajiye gawa, ta bi ofisoshin 'yan sanda da barikoki da gidajen yari, kuma a kan bencinan jira na waɗannan wurare ta riƙa haɗuwa da fuskokin mata iri ɗaya, kowace da hoto a cikin jaka, har ta tara mu, mu tara, a shagonta, tsakanin ƙyallaye da almakashi, ta ce tunda kowace an ce mata ta dawo gobe, gara mu riƙa dawowa tare. Yau iyalai ɗari biyu da goma sha huɗu ne a ƙarƙashin inuwar da ta kafa.

Ita ce ta lura da abin da lauyoyinmu ba su lura da shi ba: hukumomin da suka rantse ba su taɓa jin labarin 'ya'yanmu ba, su ne kuma suke manna sunayensu a bangon makaranta duk lokacin zaɓe. Sunan Dogo yana shafi na tara, layi na shida na rajistar masu zaɓe, nata yana layi na biyar, daidai samansa. Takan ce, "Wannan ce kaɗai takardar da gwamnati ba ta kashe mini shi a ciki ba. Kuma yaron nan ba ya wasa da ƙuri'arsa. In yana numfashi, nan zai zo." Don haka kowace ranar zaɓe takan ɗauki kujerarta ta ƙarfe mai naɗewa, ta kafa ta a ƙofar makarantar tun kafin a buɗe akwati, ta zauna tana kallon layi, ba fuska take dubawa ba, domin ta ce fuska tana canjawa, tsawo take dubawa da yadda mutum yake jefa ƙafar hagu. Idan an rufe, sai ta shiga wajen malamin zaɓe ta ce, "Ɗana, buɗe mini shafi na tara," ta ga gurbin babu komai, ta yi godiya, ta naɗe kujerarta. Daga nan ta samu sunan da ya danne na yanka, daga nan kuma wannan zama ya zame mana aiki: duk zaɓe, mambobinmu suna ƙofar rumfunan da aka yi wa 'yan'uwansu rajista.

Mun karanta labarin iyaye mata irinmu a ƙasashe da dama, masu zagaya dandali da hotuna a ƙirji, masu tone filaye da hannunsu, kuma duk inda aka duba darasin ɗaya ne: waɗanda suka haddasa faɗan suna sasantawa su ci abinci a teburi ɗaya, uwa ce ake bari da lissafin kwanaki. Marigayiya ta fahimci wannan ba tare da littafi ba. Babu jam'iyyar da ba ta aiko mata da kujerar roba mai tambari da laima ba, babu kuma wadda ba ta mayar wa ba. Akwai ɗan takarar da ya durƙusa gabanta, masu ɗaukar hoto na biye da shi, ya yi alkawarin nemo mata Dogo cikin kwana ɗari, ta dube shi ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗana ba rijiyar burtsatse ba ne. Matsa, ka tare mini layi." Sau uku ana kawo mata takardar da za ta sa hannu a kai cewa ya mutu, a rufe maganarsa, sau uku tana cewa a nuna mata kabari tukuna.

Wajibi ne wannan sanarwa ta faɗi abin da ya faru a zaɓen da ya gabata, shekara biyu ke nan, domin tun daga ranar marigayiya ba ta sake zama daidai ba. Rana ta yi zafi, ciwon sukarinta ya motsa, sai 'yarta Auta, ma'aikaciyar jinya, ta matsa mata ta shiga aji ɗaya ta yi azahar ta sha magani. Minti ashirin ta yi. Da aka rufe zaɓe ta ce a buɗe mata shafi na tara, sai ga layi na shida an yi masa alama da biro, ga dangwalen yatsa a gefensa. Matar da take tafiya da sanda ta fita da gudu ba takalmi, tana kiran sunansa a lunguna, tana tare dogayen maza tana juyo da su. Da muka kamo ta, abin da take maimaitawa shi ne, "Ya zo ina salla. Ya zo bai gan ni ba, ya ɗauka na gaji."

Kafin mako ya zagayo, ƙungiya ta tattara rahoton mambobinta: mutum goma sha biyu daga cikin ɓatattunmu sun kaɗa ƙuri'a a ranar, har da wanda tun ranar rikicin aka ga an jefa shi a mota jini yana zuba. Ashe mutanen da aka kasa nemo mana shekara goma sha shida, an iya nemo yatsunsu cikin wuni ɗaya. Muka kai mata wannan bayani da fatan zai sanyaya mata zuciya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Na ji, 'ya'yana. Amma cikin sha biyun nan, ɗaya ba zai yiwu shi ne da kansa ba?" Dogo yana da tabo a babban yatsansa, inda allurar keke ta taɓa huda shi, kuma a ranar ba ta tare da tabaraunta. Abin da ta roƙa kawai shi ne a sake nuna mata shafin ta duba da kyau. Wasiƙa goma sha ɗaya muka rubuta wa hukumar zaɓe. An amsa biyu, duka da cewa ana duba lamarin.

Saboda haka, masu girma da suka fara aiko da saƙon cewa sun yi rashin uwa, tabarma a shimfiɗe take, ba ma korar mai ta'aziyya. Sai dai wanda yake son a yarda da hawayensa, ya taho da shafi na tara. Su kuwa waɗanda suka dangwala yatsa a gurbin ɗanta, su sani ba ƙuri'a ɗaya suka sata ba. Sun sa tsohuwa ta mutu tana tuhumar kanta da sallar da ta yi.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga ƙannen marigayiya, da jikokinta, da mata masu ɗinki da ta yaye, musamman kuma ga Auta, wadda muke gaya wa a gaban duniya abin da muka sha gaya mata a ɗaki ta ƙi ji: ba ke kika raba ta da shi ba. Ruwa kika ba mahaifiyarki da magani, kuma Allah Ya gani. Allah Ya ba ku haƙuri da juriya, Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya haɗa ta da amsar da aka hana ta a nan.

Ta bar wasiyya, kuma mun ɗauka. Ta ce, "Ina cikawa ku je ku sa a cire sunana, kada in mutu in ci gaba da zaɓe. Nasa kuwa kada kowa ya taɓa." Ranar Litinin za mu kai wa hukumar zaɓe takardar shaidar rasuwarta, kuma wannan karon ba za mu tashi daga benci ba sai an soke layi na biyar a gabanmu. Kwamiti ya kuma zartar cewa daga yau ba za a sake barin mutum ɗaya a ƙofar rumfa ba. Biyu-biyu za a zauna, idan ɗaya ta tashi salla, ɗaya tana kallon layi. Auta ta karɓi kujerar. Ni ce ta biyunta.

A ƙarshe, tunda sunansa yana cikin iyali kuma ba mu da hurumin cire shi, muna miƙa ta'aziyya ga ɗanta na fari, duk inda wannan takarda ta same shi. Dogo, Hajiya ta rasu ranar Talata. Ba ta gaji ba, salla ta shiga. Akwatin kayan aikinka yana ƙarƙashin gadonta, tana shafa musu mai duk wata. Idan kai ne ka zo ranar nan, ka sake zuwa, za ka tarar da mutum a ƙofa.

Sa hannu:
Anti Mai Biro
Kakakin Ƙungiyar Iyalan Waɗanda Suka Ɓace a Rikicin Zaɓe,
a madadin Kwamitin Amintattu