Jan Fenti a Kan Ɗanyen Katako

Asabar, 13 ga Yuli, 1974
Mun buga ƙusar ƙarshe. Kwale-kwalen ya cika tsakar gida, sai da Inna ta matsar da murhu. Yaya Sanda ya zo da gwangwanin jan fenti, wani abokinsa direba ya kawo masa daga Ikko. Wai shi ake shafa wa jiragen teku, ruwa ba ya ratsa shi. Warinsa ya sa matata Safara'u amai. Ga ciki ya tsufa.

Talata, 16 ga Yuli
Na tuna wa Yaya yadda masunta ke yi a nan Rafin Guza: a cusa tsumma da kwalta tsakanin katakai, a nutsar da jirgi ya sha ruwa ya kumbura, sannan a hau. Ya yi dariya. "Kai da kwaltarka. Titi muke yi?" Na ce to, Yaya.
Katakon ɗanye ne. In ka kanga kunci sai ka ji sanyinsa.

Lahadi, 21 ga Yuli
Mun shafa. Ya yi kyau, ba ƙarya. Har maƙwabta na leƙowa. Duk tsagar da na sani fenti ya rufe ta, ni da na haɗa ma sai na laluba.
Na shafa wa guntun katako ragowar, na jefa cikin duron ruwa a bayan ɗaki. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 1 ga Agusta
Kogi ya cinye dutsen da mata ke wanki a kai.

Litinin, 5 ga Agusta
Na ciro guntun. Fentin ya yi bororo kamar ƙunar wuta. Na danna da farce, ruwa ya tsirto, fatar ta saluɓe gaba ɗaya. Na kai wa Yaya yana fere filafilin tuƙa jirgin. Ya jujjuya shi, ya cilla kan rufi. "Ruwan duro daban, na kogi daban." Ranar Asabar za mu haye gona, in ji shi, masara ta nuna, birai na ɓarna. Da Inna, da yaransa biyu, da Safara'u don ta gaida iyayenta a hayi kafin ta sauka.
Na ce to.

Juma'a, 9 ga Agusta
Bayan masallaci na zagaya jirgin. Bororo uku a gindi, daidai inda mata za su zauna. Safara'u na ninke zanenta mai kyau, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Malam, lafiya kake kallona haka?" Na ce lafiya.

Asabar, 10 ga Agusta
Da hantsi muka kai shi bakin ruwa a kan amalanke. Ruwan ja, yana tafe da rassan itace. Safara'u ta ɗaga ƙafa za ta shiga, sai na ga hannuna riƙe da nata.
Yaya ya ce, "Sake ta mana." Ban sake ba. Na ce ba mai hawa sai jirgin ya wuni cikin ruwa da duwatsu. Ban san muryata na kai haka ba. Inna ta dube ni, ta janye yaran.
Yaya ya tura jirgin cikin ruwa. Ya ɗebo duwatsun da kansa, ya ɗaure igiya a gindin ɗorawa, ya tafi bai waiwayo ba.
Da la'asar na koma. Igiyar ce kawai a saman ruwa, ta miƙe tsam, tana rawa.
Yaya bai ci tuwo da ni ba. Ni kuwa na cinye nawa.