Gurasar da Ke Rataye a Bango

Gharm, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Baban Anzurat,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, sanyin Rasha bai taso maka da ciwon ƙirjin nan ba. Inna tana gaishe ka, idonta dai kullum sai ƙara dushewa yake. Anzurat ta shiga aji biyu, har ta iya rubuta sunanka.

Mun yi baƙuwa, wata Malama Farangis daga Dushanbe. Kwananta uku a gidanmu, ni kuwa ina tsakanin tanderu da gonar dankali, bayana kamar zai ɓalle. Ka san aikinta? Ƙauye-ƙauye take bi da rikoda don ta ji yadda tsofaffi ke kiran gurasa. Wai mu muna cewa "non", mutanen Tehran "nun", na Kabul "nan", Baluchawa kuma "nagan", duk tushensu ɗaya tun zamanin kakannin kakanni. Na ce, "Malama, kowa ya kira ta yadda ya ga dama, mai toyawa dai ita ke shan hayaƙi." Ta yi dariya, har ta rubuta wannan ma a littafinta.

Da ta roƙi Inna ta faɗi sunan a rikoda, sai Inna ta ƙi da farko. Ta ce, "'Yar nan, ba a kiran sunan gurasa da hannu wofi, ba kare ba ce." Sai ta sa aka sauko mata da taka, wadda ka gatsa a bakin ƙofa ranar tafiyarka, aka rataye sauran a bango har ka dawo ka cinye. Ta ɗora ta a cinya, ta kore ni in je in dafa shayi. Kalma ɗaya aka roƙe ta, ta yi awa guda tana zuba.

Shekara huɗu ke nan, Baban Anzurat. Ka rubuto mini ko za ka zo bana kafin tonon dankali. Na gaji da cewa "baɗi" idan maƙwabta sun tambaya.

Taka,
Mohtob

Gharm, 2 ga Yuni

Zuwa ga Baban Anzurat,

Ina gaishe ka, da fatan jikinka da aikinka lafiya. Wasiƙarka ta iso, na ga ka ce sai baɗi. Ban karanta wa Inna wannan layin ba.

Akwai abin da na daɗe ina ɓoye maka. Gurasarka ba ta kai shekara biyu ba ƙwari suka cinye ta, ta zube gari. Tsoro ya kama ni, don kullum da safe Inna takan miƙa hannu ta shafa ta a bango, kuma ka san yadda za ta fassara abin: ɗanta ba zai dawo ba. Na toya wata, na gatsa da kaina, na shanya ta bushe, na rataye. Sau uku ina yin haka, kowane karo ina jin kaina kamar ɓarauniya a gidana.

Makon jiya Malama Farangis ta biyo a hanyarta ta komawa. Ta same ni ni kaɗai a bakin tanderu, ta yi ta juya rikodar a hannu, sannan ta ce, "Yaya, an ba ni amana, amma ta yi mini nauyi." Ta kunna. Na ji Inna ta faɗi "non" sau uku, a hankali, yadda aka ce ta yi. Daga nan ta rage murya: "Wannan fa ba haƙoran ɗana ba ne. Taɓa nan ki ji, wushirya ce. Surukata ce, baiwar Allah, ta uku ke nan. Kada ki gaya mata na sani. Idan ta daina toyawa, ita ma ta fid da rai ke nan."

Na zauna a ƙasa na yi kuka har gurasar da ke wuta ta ƙone. Ashe duk safiyar da take shafa bangon nan, ni take dubawa ko ina nan.

Ta ukun ma ta fara tsagewa, ba za ta kai kaka ba. Ba zan toya ta huɗu ba, na gaji wallahi. Ko ka zo ka gatsa da bakinka, ko ranar da Inna ta miƙa hannu ta tarar da ƙusa kawai.

Matarka,
Mohtob