Kwat ɗin da ke cikin hoto

Ƙanina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ƙafar ta yi sauƙi? Ka ce mata ina nan lafiya lau, aiki sai godiya.

Na ji wai za ka sayar da keken ɗinkin Baba ka biyo ni, don ka ga hotona cikin kwat. To, saurara, amma kada Inna ta ji. Kwat ɗin nan ba nawa ba ne. Mu takwas ne a ɗaki, shi kuma yana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Duk mai aika hoto gida sai ya zura shi. Dubi hoton da kyau, za ka ga na naɗe hannun, don ya yi mini yawa.

Ban ce ina cikin wahala ba. Amma shekara uku ke nan wuyan riga kawai nake ɗinkawa a masana'anta, daga safe har yamma. Kai kuwa riga sukutum kake ɗinkawa, mai ita ya zo ya yaba.

Talaucin da na guje wa, ashe ya riga ni sauka. Allah ya yi maka albarka, riƙe keken nan. In kwat kake so, ai kai tela ne, ɗinka naka.

Yayanka.