Tsuntsun Zamal

Tsibirin Leguan

Zuwa ga Yaya Nafeeza, babbar likitar tunani ta birnin Georgetown,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da dogayen takalmanki. Kakarmu Nani tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko har yanzu kina gane hanyar gida, ko a turo mai riƙe miki hannu daga tashar jirgin Parika. Baba bai ce komai ba, wato shi ma yana gaisuwa.

Yaya, kin san ni da biro sai dole. Devo ya rasu. Devindra ɗan gidan Persaud, abokin Zamal ɗin nan da kike cewa kunnuwansa sun riga shi girma. Shi ya kashe kansa, a rumbun babansa. An ƙona gawar a bakin ruwa yadda suke yi a addininsu, mu ma mun je mun tsaya daga gefe. Shekararsa sha huɗu, daidai da autanmu Zamal.

Tun ranar Zamal ya zama wani iri. Ba ya kuka. Da ma kukan yake yi, da na samu abin tsokana. Nani ta yi masa gurasar roti da kifin hassa, ya gutsura sau ɗaya ya tura wa kyanwa. In an tashi makaranta sai ya wuce bakin madatsar ruwa inda suke kamun kifi da Devo, ya zauna har a kira magariba. Shekaranjiya na sa masa kwaɗo a takalmi. Ya zazzage kwaɗon, ya sa takalminsa, ya ce, "Sannu, Fizul." Sannu fa! Yaron da ya taɓa jifana da kwakwa a kan abin da bai kai wannan ba.

Hedimasta ya rataye hoton Devo a ƙofar aji da furanni, kullum ta ƙarƙashinsa suke shiga. Kujerarsa tana nan kusa da ta Zamal, ba mai taɓa ta.

Abu ɗaya ne ya rage yake kula da shi, tsuntsunsa towa-towa. Yana canja masa ruwa, yana shanya kejin a rana. Amma ranar Lahadi da samari suka fito da nasu bakin titi ana gasar fito, ya ƙi fita, alhali nasa ne ke kunyata na kowa.

Jiya ya tambaye ni, "Yaya za ta zo?" Na ce ai dole, ba don irin wannan ranar ta yi shekaru tana cinye littattafai ba? Ki zo. Ke kika goye shi bayan rasuwar Mama. Ni abin da na iya sa mutum dariya, shi kuma ya ƙi.

Ƙaninki da ya fi ki kyau,
Fizul

*

Georgetown

Ƙanina Fizul,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka ta hannun Kyaftin Boyo mai jirgin ruwa. Allah Ya ba iyayen Devo haƙuri. Ka gaishe da Nani da Baba.

Ka natsu ka karanta wannan, ba da murya irin ta wasan kwaikwayo ba.

Ka san ƙungiyarmu, ta masu kula da lafiyar tunanin ɗalibai. Mu duka ba mu cika benci biyu ba, kuma kowa yana da makarantun da aka ɗora masa a wurin aiki. Na ƙungiya kuwa sa-kai ne, a ranakun hutunmu muke yi. Idan ɗalibi ya mutu irin wannan mutuwar, mu ne muke tura mutum makarantar, don sau da yawa ba ta tsayawa a kan yaro ɗaya. Labarin Devo ya riga takardarka zuwa, har mun zauna a kai.

Muna da doka: ba wanda zai zauna da jininsa. Ni ce na kawo ta, na kuma yi gardama a kanta har ta zauna. Yaro ba ya faɗa wa yayarsa abin da yake tsoron ya kai kunnen babansa. Ita ma yayar ba ta gani sosai, abin da take so ya zama gaskiya shi take gani. Don haka Misis Odessa Cummings ce za ta zo Leguan ranar Asabar. Ta girme ni a aikin nan nesa ba kusa ba. Ni an tura ni yankin Berbice, inda wata makaranta ta rasa yara biyu a wata ɗaya.

Ba zan zo yanzu ba. In na zo, zai fara buɗe min baki, ya ba ni rabi, sannan ya rufe wa Misis Odessa. Gara ya tara mata duka. Shi ya sa ma ban rubuto masa ba.

Ga naka aikin. Ka kulle rumbu, duk wani maganin feshin shinkafa ya kasance a ciki, makullin kuma a jikinka. Ka ce wa Hedimasta na roƙe shi ya sauke hoton nan. Kada a bar Zamal shi kaɗai a bakin madatsa. Ka daina sa masa kwaɗi.

Hankalina ya ɗan kwanta da na ga kana ba'a. Na san da abin ya yi tsanani da ba ka sami bakin maganar takalmana ba.

Yayarka,
Nafeeza

*

Tsibirin Leguan

Ranki ya daɗe, mai dokoki,

Sallama da gaisuwa. Na san kina Berbice kina gyara 'ya'yan mutane, in kin dawo kya tarar da wannan a ƙarƙashin ƙofa. Albishir nake tafe da shi, ki tanadi tukuici.

Da farko, takardarki. Kin ce kada in karanta da muryar wasa, to kin san abin da kika jawo. Na ɗora gilashin Nani a hanci, na tsaya a kan matakala, na karanta wa gida duka da muryarki, har da yadda kike ɗaga yatsa. Nani ta ce, "Wace irin doka ce ke hana mutum shinkafar gidansu?" Da na zo wurin "ba zan zo yanzu ba", Zamal ya yi murmushi ya ce, "Ai tana da gaskiya." Kin ji, har kin samu magoyi baya.

Misis Odessa ta zo. Baiwar Allah, ruwa ya jijjiga ta, ta sauko daga jirgi fuskarta kamar ɗanyar gwanda. Amma ba ta zauna ba. Ta sa an sauke hoton, ta tara yara aji guda, ta raba musu takarda da fensir mai launi. Sannan ta riƙa kiransu ɗaya-ɗaya ofishin Hedimasta, iyaye kuma sun yi layi a waje kowa da nasa. Kyaftin Boyo yana ta aiko yaro wai ruwa zai janye. Zamal ya shiga, kafin in gama ɓare mangwaro ya fito.

Na ce, "Malam, me ta gano a cikin kwakwar taka?"

Ya ce, "Ta ce ina barci? Na ce ina yi. Ina cin abinci? Na ce ina ci."

"Ƙarya kenan."

"Matar ta gaji, Fizul. Ga jirgi yana jiranta."

Makulli kuwa na rataya shi a wuya kamar laya, har masallaci da shi nake zuwa. Liman ya ce tun da nake zuwa karatu wurinsa bai taɓa ganin an ba ni amanar ko buta ba. Baba ya yi ta faɗa, ƙwari sun sauka a gona, shinkafa ta fara fidda kai, shi kuma sai ya nemi izinin ɗansa kafin ya shiga rumbunsa.

To ga albishir. Tun ranar Laraba yaronki ya warware. Ya ci roti uku, ya wanke wa Nani kwanuka ba a sa shi ba, ya kira ni mai kan tulu. Na ji daɗin zagin nan fiye da Sallah. Ya kai wa ɗan maƙwabcinmu Chacha Haniff sandarsa ta wasan ƙwallon kurket. Da yamma kuma ya sauko da keji ya ajiye a gabana.

Na ce, "Me zan yi da shi, miya?"

Ya ce, "Naka ne. Ba ya son ruwan famfo, na sama za ka riƙa ba shi. Ka rufe shi da ƙyalle in iska ta taso."

"Tsuntsun da ka hana ni ko leƙawa?"

"Ai ka girma yanzu," in ji shi, yana dariya.

Ba ki ga fuskarsa ba, Yaya, fes, kamar wanda ya sauke buhu. Ko Misis Odessa ce, ko addu'ar Nani, ko kwaɗona ne ya yi aiki a makare, oho. Na mayar wa Baba makullinsa, gobe za a yi feshi. Ki zauna ki gama da Berbice a tsanake, mun iya da kanmu.

Sabon mai tsuntsu,
Fizul

*

Ofishin Ƙungiya, Georgetown

Zuwa ga Malama Nafeeza Rahaman,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Ubangiji Ya riƙe ki da iyalinki a wannan hali.

Na samu labari cewa an kawo Zamal babban asibiti ta jirgin ruwa, bayan ya sha maganin feshi. Na zo jiya, aka ce dangi kaɗai ake bari. Na hango ki ta gilashi, ban iya kiranki ba.

Ya kamata ki ji daga bakina yadda zamanmu ya kasance. Ya amsa duk tambayoyina a natse. Na sa shi cikin waɗanda zan sake gani a zuwa na biyu, ban sa shi cikin na gaggawa ba. Na tambaye shi wa yake faɗa wa damuwarsa a gida. Ya ce, "Yayata, amma tana aiki." Na ɗauka kina zuwa ƙarshen mako, ko kina rubuta masa. Ban tambaye ki ba, don ban zaci akwai buƙatar tambaya ba.

Ƙungiya ta zauna. An sauke miki aikin Berbice, Mista Adonis zai karɓa. Ni zan koma Leguan ranar Asabar, domin yanzu kujeru biyu ne babu kowa a ajin, sauran yaran kuma suna kallonsu. Wannan karon zan kwana a tsibirin.

An kawo maganar dokar dangi. Ba wanda ya ce a soke ta, ba kuma wanda ya iya kare ta. Mun bar maganar sai kin dawo, idan za ki dawo.

Taki cikin alhini,
Odessa Cummings

*

Babban asibiti

Fizul,

Salam. Kyaftin Boyo zai kawo maka wannan. Kada ka karanta wa Nani.

Tun da ka koma ba abin da ya canja sosai. Likita ya ce irin wannan maganin ba ya nuna ɓarnarsa a rana ɗaya. Mutum zai farka, ya yi magana, a ɗauka ya tsira, alhali huhu yana can yana lalacewa. Ya ce mu jira. Na tambaye shi cikin goma nawa ke tashi, ya dubi takalmansa.

Na tarar da takardarka a ƙarƙashin ƙofa da na je ɗauko kaya. Ina kaiwa wurin keji na zauna a ƙasa. Yaron da ya raba abin da ya fi so, ya kuma washe rana ɗaya, ya gama yanke shawara ne. Wannan shi ne abu na farko da nake koya wa malaman makaranta. Na koya wa ɗaruruwa, kai ban faɗa maka ba. Na ba ka makulli, ban gaya maka yaushe ake mayarwa ba. Don haka ka daina abin da na ga kana yi a barandar asibiti, kana dukan bango da kai. Da ina gida a kan matakalar nan ina cin roti, ko ban tambaye shi komai ba, da na gani.

Yau da safe ya buɗe ido. Bakinsa duk ya ƙone, da ƙyar ake jin sa. Ya kalle ni ya ce, "An ba ki izini?"

Na ce, "Izinin me?"

"Zama da ni."

Ba gatse yake yi ba, Fizul. Tambaya yake yi, tsakaninsa da Allah, kada in shiga matsala a wurin aiki. Na ce masa ba aiki na zo ba. Na hau gadon, na ɗora kansa a cinyata kamar lokacin da yake ƙin yaye. Nas ta zo za ta yi magana, ta fasa.

Ya ce ba ya son ya mutu yanzu. Ya ce in tambayi likita ko za a iya fasawa.

Ya kuma tambayi tsuntsu.

Nafeeza

*

Tsibirin Leguan

Yaya,

Salam.

Maƙwabta sun fara kawo benci da tamfol tsakar gida, wai a shirya wa zaman makoki. Na fitar da su titi ɗaya bayan ɗaya. Chacha Haniff ya ce ba ni da kunya, na ce ba yau aka fara faɗa ba. Baba ya bar shinkafar wa ƙwari, ya jefa makullin a kogi.

Ki faɗa wa mai kan tulun nan, a kunnensa, da muryata in kin iya: tsuntsunsa ba shi da tarbiyya. Na ba shi ruwan sama, na rufe shi da ƙyalle, na yi masa fito har leɓena ya bushe, ko kallona bai yi ba. Ki ce masa ban karɓi kyautar ba. Ajiya ce, kuma na gaji da ita. Ya zo ya ɗauki abinsa.

Ina tashar jirgi kullum. In Kyaftin ya ɗago min takarda daga nesa, na san da sauran magana. Kada ki aiko shi hannu wofi.

Fizul