Ƙarfen da Baban Amira ya ajiye kan hita

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ya ƙafar Inna? Mu nan Bronx lafiya, sai dai har yanzu gabana faɗuwa yake.

Kin san Baban Amira da tara tsofaffin ƙarafan injin jiragen sama na yaƙi, ba ya hutawa sai ya gano jirgin da kowanne ya fito. Ranar Asabar ya sayo akwati guda a gwanjo. A ciki akwai wani ƙarfe kamar gwangwanin madara da ya kasa ganewa. Ya ajiye shi kan hitar da ke ɗumama falo, ya tura wa wani tsohon Bature, abokin harkarsa, hoto. Nan take tsohon ya bugo waya: "Kar ka taɓa! Harsashin tayar da inji ne, akwai albarushi a ciki."

Yaya, ga hita a kunne! Baban Amira ya ce zai kira 'yan sanda, na riƙe hannunsa: "Mu baƙi, Musulmi, da abin fashewa a ɗaki? Wa zai yarda da mu?" Ya ce, "Maƙwabta fa, Hadiza?" Ya kira.

Aka fitar da kowa daga benen, muna tsaye bakin titi ana kallonmu. 'Yan sandan suka ɗauke abin, suka tafi da Baban Amira. Bai dawo ba sai bayan la'asar, sun ce ba shi da laifi. Amma yanzu ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai na tambayi ko wane ne kafin in buɗe.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida su Gwaggo, kuma don Allah kar Inna ta ji.

Ƙanwarki,
Hadiza